Ruwan da Muka Yi Wanki da Shi

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. Inna ma haka. Ina ƙarami "yaron nan" nake, da na gama karatu aka ba ni aikin koyarwa a Gure sai na koma "mutumin Gure". Ko a tabarma ɗaya muke zaune, in yana da magana da ni sai ya juya ya dubi ƙanina, ko Inna, ko jakinsa in babu kowa, ya ce, "A gaya wa mutumin Gure hanyar yamma ta lalace, ya bi ta gabas." Ni kuma in dubi ƙasa in ce to. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunya ce, haka ya ga ubansa ya yi da nasa ɗan farin. Kuma duk gidan an san wa ake ɓoye wa dabinon da ya fara nuna.

Ƙauyenmu yana bakin wani kwari ne a ƙasar Gidigir. In ka gangaro daga tudun rairayi, goriba za ka fara tararwa, sai dabino da garkunan mutane, can tsakiya kuma fili ne fari fat na kanwa, wanda ko tsiron ciyawa ba ya yi. Rijiyoyin da suke kusa da tsakiyar duk zartsi ne, sai dai dabbobi. Tamu kuwa tana can gindin tudu, kakana ya haƙa ta, ya ɗaure cikinta da gumagumen goriba ɗaya bisa ɗaya. Ruwanta sanyi, daɗi, ba ka jin komai a harshe. Ita ce ta shayar da garkar Baba, ita ce kuma randar kowane gida a unguwarmu. In ana yabon gidanmu a ƙauyen, da ita ake farawa.

Baba yana da wata al'ada da rijiyar nan wadda ta daɗe tana ba ni haushi. Kowace safiya gugan farko ba na shuka ba ne. Sai ya kamfato da tafin hannu, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana kallon sama kamar mai tuna wani abu, sannan ya haɗiye. Daga nan ya shiga ja. Da zarar ruwa ya ja baya har gungume na huɗu ya fito, shi ke nan, sai ya naɗe igiya. Ko da rabin albasarsa bai sha ba, ko da mata sun yi layi da tuluna, sai ya ce rijiya ta gaji, a bari sai la'asar. Duk tsofaffin kwarin haka suke, kowa da alamar da yake tsayawa a tasa rijiyar, kuma in wani ya wuce alamarsa sai an je har gida an yi masa magana. Ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, sai nake ganin abin camfi ne da son wahala. Wai rijiya ta gaji! Rami ne fa da ruwa a ciki.

Shekarar da abin ya faru, na je gida bayan damina na tarar da Baba yana jan guga da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙugu. Tafin hannunsa duk ya tsage. Na ji tausayinsa har cikin raina, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, ita ce ina son ƙauyen ya ga abin da ɗan da aka sa lakwal zai iya yi. Na koma Gure na sayi injin ban ruwa sabo fil, ja, da tiyo mai tsawo, na ɗora shi a kan motar kasuwa na kai da kaina. Ranar ba wanda ya zauna a gida. Ƙanina, wanda shi ne yake noma tare da Baba, ya ja igiyar injin, ruwa ya feso kamar an fasa randa, mata suka yi guɗa. Ni kuwa ina tsaye da hannu a aljihu ina hura hanci.

Baba ya zagaya injin sau biyu. Sai ya juya ya dubi jakinsa ya ce, "Wannan abin, ya san gungume na huɗu?"

Kowa ya kwashe da dariya. Ni na fi kowa yi. Na miƙa wa ƙanina injin a gaban jama'a, na ce shi zai riƙa kula da shi, esansi kuma, man da injin yake sha, daga wurina zai riƙa zuwa. Na hau mota na dawo.

An yi kamar wata biyu, sanyi ya shigo, sai wata ranar kasuwa direban motar ƙauyenmu ya tsaya a ƙofar gidana ya sauke wani bidon rawaya, irin jarkar nan ta ɗibar ruwa. An rufe bakinsa da leda, an ɗaure da zaren kaba, ɗauri irin na Baba wanda ko a ina na gan shi zan gane.

"Tsoho ya ce a kawo maka," in ji direban.

"Mene ne?"

"Ruwan rijiyarku."

"Ba wani saƙo?"

"Ya ce a kawo maka, shi ke nan."

Wallahi na ji daɗi. Na ce Allah Sarki, tsoho yana godiya, bakinsa ba zai iya faɗa ba shi ne ya aiko da ruwa. Matata, ƴar birnin Damagaram ce, ta ce, "Malam, a juye a randa?" Nan ne na yi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Na ce mata a'a. Muna da pampo a tsakar gida. Kuma ni ne fa nake tsayawa gaban allo ina koya wa ɗalibai cewa ruwan rijiyar da ba ta da murfi ba abin sha ba ne, ina zana musu ƙwayoyin cuta da alli. Ruwan da ya raine ni, ya raini ubana. Na ce, "Ga pampo, me za mu yi da shi a randa? Ki yi wani aikin da shi." Sai ta yi wanki.

Mako ya zagayo, wani bidon ɗin ya zo. Na gaba ma haka. Direban ya sauke cikakke, ya ɗauki wanda ba komai, ni kuma in ba shi esansi ya kai. Ana nan sai matata ta fara yabon ruwan. "Malam, ruwan garinku wani iri ne," in ji ta. "Santsi gare shi. Sabulu kaɗan sai kumfa, dauɗar wuyan riga kuwa ba sai na wahala ba." Kowane mako yabon ƙaruwa yake, har ta daina wanke fararen rigunana da ruwan pampo, sai ta tara su ta jira ranar kasuwa. A lakwal abokan aiki suna tsokanata, wai mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, ya sake mata ne ko ya sake sabulu. Wata rana direban ya ce, "Tsoho yana tambayata kullum, wai me ka ce. Me zan ce masa?" Na ce, "Ka ce masa ruwa ya yi, madalla. A ci gaba." Na ƙara masa esansi a kan na kullum.

Duk tsawon lokacin nan ban taka ƙauyen ba. Ina da ajin jarrabawa, haka nake faɗa wa mutane, amma ba hujja ba ce, tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Ƙanina nake kira a waya, tunda Baba ba zai karɓi wayata ba ko an miƙa masa. Kullum amsa ɗaya: lafiya lau, Yaya, garka ta yi kore shar, an faɗaɗa ta, maƙwabta ma suna aron tiyo.

Bazara ta shigo da zafinta. Pampon Gure ya ɗauke kwana uku, abin da ba sabo ba ne. Ranar ta ukun na gayyaci maƙwabcina cin abincin rana. Ma'aikacin ruwa ne, mutumin Dosso da aka turo Gure aiki, aikinsa yawon ƙauyuka yana duba rijiyoyi. Randa ta kusa ƙarewa, sai matata ta ce bari ta jiƙa zoɓo da ruwan bidon ɗin da aka kawo jiya. Muna zaune a zaure sai na ji ta yi salati daga madafa. Ta fito da robar a hannu, ta tsaya daga ƙofa ta ce, "Malam, zo ka ga abin mamaki."

Zoɓon ba ja ba ne. Ya yi baƙi-baƙi, gefen robar kuma wani kore-kore kamar ruwan da ya kwana a kwata. Maƙwabcina ya leƙo ta bayana. Ya ce, "Madam, kanwa kika sa?" Ta ce ina ita ina sa kanwa a zoɓo. Ya ce a kawo masa ruwan da aka jiƙa da shi. Ya kurɓa, nan take ya juya ya tofar a ƙasa, ya goge baki.

"Mushe, daga ina wannan?"

Na ce daga rijiyar gidanmu, rijiyar da ta fi kowace daɗi a kwarinmu. Har da ɗan fushi na faɗa. Sai ya miƙo mini kofin.

Na kurɓa. Ɗaci da gishiri da wani santsi suka naɗe mini harshe. Ban iya haɗiyewa ba, ban kuma iya tofarwa ba, na tsaya da shi a baki ina kallon bidon ɗin da ɗaurin kabarsa. Ruwan nan na san shi, irin na rijiyoyin tsakiyar kwari ne da muke kai awaki muna yara. Ta yaya ya shiga bidon ɗin Baba? Na fara cewa ƙila direba ne ya zubar a hanya ya ɗebo wani. Matata ta ce a hankali, "Ai tun sanyi haka yake da santsi, ƙaruwa dai yake yi." Sai na zauna a dandaryar ƙasa. Tun sanyi! Ashe ba kyauta ake aiko mini ba. Kowane mako tsoho yana aiko mini da maganar da bakinsa ba zai iya gaya mini ba, ni kuma ina sa a wanke mini riga da ita.

Washegari da sassafe muka hau moto, wato babur, ni da maƙwabcina. Tun daga kan tudu na jiyo ƙarar injin. Muna gangarowa muka yi kiciɓis da matan unguwarmu sun koro jakuna da bidon-bidon, suna hawa tudun da muke sauka. Na gaishe su, na ce ina zuwa haka. Wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta ce ɗibar ruwa, can rijiyar makiyaya bayan tudu na biyu. Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Sun bar rijiya a ƙofar gidansu suna tafiyar da sai hantsi ya dubi ludayi za su dawo.

Garkar ta ninka yadda na san ta. Daga nesa kore ce. Da na matso na ga bakin kowane fangali ya yi fari kamar an barbaɗa gari, kan ganyen albasa duk ya ƙone. Na leƙa rijiyar na fara ƙirga gumagume. Na wuce huɗu, na wuce shida. Akwai waɗanda tun da aka haife ni ban taɓa ganinsu ba, baƙaƙe, ga su nan a fili suna ɗiga. Can ƙasa tiyo yana zuƙar ɗan abin da ya rage. Na ruga na kashe injin da hannuna, na juya kan ƙanina, mutum mai mata da ƴaƴa, na wanke shi tas a gaban mutane. Na ce ba shi da harshe ne? Ba shi da ido? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, Baba ya hana ni tun farko. Na ce masa inji naka ne, sai abin da ka ce. Ya ce to zai tambaye ka. Kai ka aiko ka ce ruwa ya yi, a ci gaba. Har esansi ka ƙaro."

Shi ma ba wankakke ba ne, ya ji canjin ruwan sarai, albasar ce ta rufe masa ido. Amma ba ƙarya ya yi ba.

Maƙwabcina ya ciro wani ɗan abin awo daga jakarsa ya tsoma a guga, ya duba, ya girgiza kai. Ya tsuguna ya zana mana a rairayi da yatsa. Ya ce ruwan daɗin da muke sha ruwan sama ne da tudu yake shanyewa, yana tsatsowa a hankali zuwa gindinsa. A ƙarƙashin tsakiyar kwari kuma ruwan kanwa ne kwance. Su biyun suna dafe da juna. Muddin abin da kake ɗiba bai wuce abin da tudu yake bayarwa ba, na kanwa yana nan inda yake. In ka ja fiye da haka, sai ya matso ya cike gurbin. Ya tambaya ko akwai wata alama da ake tsayawa a da. Ƙanina ya ce gungume na huɗu. Mutumin ya ce, "To wanda ya sa wannan alamar ya gama aikina tun kafin a haife ni." Na ce yanzu in an daina, zai koma? Ya ce ƙila bayan damina da yawa, ƙila kuma ba zai koma ba. Ya ce kuma ba tamu kaɗai ba, rijiyoyi biyu na kusa da mu ma sai an duba, don ruwan ƙasa bai san iyakar garka ba.

Na shiga gida. Inna tana bakin murhu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Sai ta ce, wai da tukunyar take, "Wake dai ya huta. Yanzu ba a sa masa kanwa, da kansa yake nuna." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba yana bayan gida a gindin dabino yana tufka igiyar kaba. Ya rame. Na cire takalmi, na zauna nesa kaɗan kamar yadda na saba. Babu ƙanina, babu jaki, babu kowa da zai yi magana ta kansa. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na ce, "Baba, me ya sa ba ku aiko an gaya mini ba?"

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, yana kallon igiyar, "A bakin direba? Duk kasuwa ta ji an ce kyautar mutumin Gure ta kashe rijiya?" Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da ban tuna ya taɓa yi ba, ya ci gaba.

"Na farkon da na aika, sai mai harshe zai ji. Na ce da ruwan nan aka yaye ka, za ka ji. Na jira. Aka zo aka ce ka ce ya yi. Na sake kurɓa, na ji kanwa. Na ce to, mai ilimi ya sha ya ce ya yi, ƙila bakina ne ya tsufa. Na ba uwarku, ta ce ita ma tana ji. Na ce mu biyun mun tsufa. Na ce bari in ƙara aikawa, in ya yi ƙarfi zai ji."

Shekara hamsin yana kurɓar gugan farko, bai taɓa kuskure ba, ni na sa ya ƙaryata harshensa. Hawaye suna zuba ban ma sani ba sai da na ji su a wuya.

"Ashe ba ka ji ba?" in ji shi.

Na ce, "Ban sha ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Sai jiya."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne tsantsa, irin na wanda aka gaya wa abin da hankalinsa ya kasa ɗauka. Ya ce, "To me kuka yi da shi?"

Na so in yi ƙarya. Na so in ce mun ba baƙi, ko mun zuba wa shuka. Amma bakina ya ce, "Wanki."

Farar riga ce a jikina ranar, don ita na tarar a goge da za mu fito. Idonsa ya sauka a kanta, daga wuya zuwa hannu. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ta kuwa fita," in ji shi. Ya sunkuya ya ci gaba da tufkarsa.

Bai sake yi mini magana kai tsaye ba tun daga ranar, na koma mutumin Gure. Injin yana ɗakin ajiya an rufe shi da buhu. Garkar ta koma ƙasa da yadda take a da, dabino biyu na bakin rijiya sun bushe, matan unguwarmu kuma har yau tudu suke hawa. Damina uku ke nan. Baba yana zuwa kowace safiya ya ja guga ɗaya, ya kurɓa, ya cika bidon ranar kasuwa ya ɗaure da kaba.

Direban ya san yanzu ba ya tafiya sai ya jira. Nakan kwance ɗaurin a ƙofar gida, in cika kofi, in riƙe kurɓar farko a baki. Nakan shanye kofin duka ko da zai murɗa mini ciki. Makon jiya ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Mushe, me zan ce wa tsoho?"

Na ce, "Ka ce masa na sha. Da sauran kanwa."